Shuɗiyar Dawa a Gonar Alhaji Babayo

"Ga shi nan! Ga abin da nake faɗa muku tun bara kuna cewa tsufa ne ke damuna!"

Goggo Fadimatu ce ta faɗo tsakar gidan ko sallama babu, zaninta ya jiƙe da raɓa har gwiwa, takalminta duk jan taɓo. Ta kwance bakin mayafinta a gaban ƙaninta Alhaji Babayo, ta zazzage abin da ta ƙullo a kan tabarma.

Ƙwayoyin dawa ne. Sai dai shuɗaye ne kamar an tsamo su daga marina, wasu har sun fitar da wani koren gashi-gashi a jikinsu.

Murjanatu, 'yar Alhaji, na fitowa daga kicin da butar shayi ta hango su. Ƙirjinta ya buga dam.

"A gonarka na tsinto, Babayo. Ƙarƙashin masara, ko'ina an barbaɗa. Wa ya taɓa ganin dawa shuɗiya in ba aikin boka ba? Ga maraƙin farar saniyarka ya mutu da asuba, ga sauran suna kwance ido ya yi rawaya. Ka haɗa lissafin da kanka."

Alhaji Babayo ya sunkuyar da kai kan ƙwayoyin. Tun da aka fitar da gawar maraƙin bai sa ko ruwa a bakinsa ba. Farar saniyar nan gadon mahaifinsa ce, duk Bukuru an san ko sayen wasa ba a yi masa a kanta. Ya sa bakin sandarsa ya juya ƙwayoyin.

"Aikin yaron nan ne," in ji Goggo. "Mai kiwon fumfuna a kwalba. Ka kore shi daga ƙofar gidanka, shi ne ya zagaya ta gona."

"Goggo, wallahi ba shi ba ne!" Murja ta dire butar. "Ni ce na watsa. Ni da hannuna!"

Goggo ta tafa hannu ta yi salati.

"Kun ji ko? Kun ji yadda ya juya mata kai? Har laifinsa take ɗauka ta ɗora wa kanta. Binta, fito ki ga yadda aka gama da 'yarki!"

Umma ta leƙo daga ɗaki, fuskarta duk damuwa.

Murja ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka saurare ni don Allah. Ba asiri ba ne, daga wurin aikinmu na kawo. Akwai wata fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tun suna gona, ita ce ke zuba guba a cikin hatsi, gubar da ke cinye hanta. Wannan dawar an gasa ta ne don kada ta tsiro, aka ɗora mata wata fumfunar 'yar uwar waccan, amma marar guba. In ta riga kama gona, mai gubar ba ta samun wurin zama. Shuɗin kuma an sa ne don kada wani ya ɗauka ya dafa. Shi ke nan, Baba."

"Ki ba ni labarin fumfuna ta kori fumfuna," Goggo ta taɓe baki. "Gobe kuma ɓera zai yi mana gadin rumbu."

Sai a lokacin Alhaji ya ɗago. Bai kira ta Dada ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, tun tana zanen goyo bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Dada. Yau kuwa cewa ya yi, "Ke."

Kalmar ta fi mari zafi.

"Ke, na yi miki karatu har jami'a, kika ce aikin bincike za ki yi, na bar ki. Kika kawo min Abdulmalik, na ce ban yarda da yaron da ya tsaya tsakiyar kasuwar hatsi da lasifika yana ce wa mutane abincinsu guba ne ba. Ya kunyata abokina Alhaji Isa a gaban masu sayensa. Duk da haka ban yi miki dole ba, na ce ki yi tunani. To tunani ya ƙare. Bayan la'asar Alhaji Isa zai kawo goron tambaya na ɗansa Ashraf. Kin san halina, in na karɓi goron mutum, magana ta mutu."

"Baba!"

"Tashi ki ba ni wuri."

Goggo ta miƙa hannu ta zare wayar da ke hannun Murja, ta cusa a lalitarta. "Ta nan ake hura miki."

Murja ta tashi da gudu, ba ɗaki ta nufa ba, bayan gida ta yi inda garken yake. Kuka take so ta yi inda ba mai ganinta.

Yayyafin nan na Agusta ya fara, siriri mai sanyi, duwatsun da ke bayan unguwar sun lulluɓe da gajimare. Farar saniya na tsaye tana kukan ɗanta. Sauran maruƙan suna kwance, ga kwamin dusa a gabansu ko kallo bai ishe su ba.

Ta jingina da buhunan da aka jera a rumfa, ta kifa kai tana sheshsheƙa.

Sai ta ji ɗumi a bayanta.

Ta dakata. A wannan sanyin, buhu da ɗumi?

Ta juya da sauri ta zura hannu cikin buhun da aka buɗe. Dusar ta dunƙule kamar an kwaɓa, ciki zafi. Ta fito da dunƙulen ta fasa. Kore-kore, rawaya-rawaya, ga wani wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe. Buhunan nan ta san su. Ashraf ne ya aiko da su cikin motar ɗaukar kayan gidansu daga unguwar Rayfield, wai gaisuwa ga shanun surukinsa. Har Goggo ta yi guɗa a ranar.

Hawayenta ya ƙafe nan take.

"Baba! Baba, dusar ce!" Ta dawo tsakar gida a guje da dunƙulen a hannu. "Duba ka gani! Da masarar da ruwa ya daka aka niƙa ta. Ita ke kashe maruƙan!"

"To sai me?" in ji Goggo. "Tun kakanninmu hatsin da ya lalace dabba ake ba. Zubarwa za a yi? Dabba ce fa, cikinta ba irin naki ba ne."

"Kyautar mutum kike kushewa don ki wanke saurayinki?" Alhaji ya miƙe ya saɓa sandarsa. "Kada in ƙara jin bakinki."

Ya fice zaure. Goggo ta bi shi tana ƙara masa wuta.

Murja ta faɗa ɗakin Umma ta zube a kan gado. Umma ta rufe ƙofa a hankali, ta ɗaga filo, ta ajiye tsohuwar wayarta mai madanni kusa da hannun 'yarta.

"Ni zan je in duba girki," ta ce ba tare da ta kalle ta ba. "Ban ga komai ba."

Murja ta danna lambar Abdulmalik, bugu ɗaya ya ɗauka. Hayaniyar kasuwar Taminus ta cika kunnenta, 'yan kamasho na kiran fasinja, wani na tallan dankali. Ran Asabar ce, Abdulmalik da shugabarsu Madam Hosana suna can suna yi wa masu sayar da hatsi gwaji kyauta.

"Umma, ina wuni..."

"Malik, ni ce."

"Murja? Me ya sami muryarki?"

Kukan da ta danne ya ɓalle. Ta faɗa masa komai a jejjere, dawar, maraƙin, dusar, goron la'asar.



"Baba ya ce in na ƙara taka ƙofarsa sai ya karya min ƙafa," ya ce a hankali.

"Na sani."

"Kin tabbata da dusar?"

"Malik, wa ya koya min sanin warinta? Da hannuna na taɓa, zafi take yi kamar an sauke daga wuta. In ka zo, wataƙila ya wulaƙanta ka a gaban mutane. In ba ka zo ba, yau da daddare ni matar alkawarin wani ce. Ban san wanda zan roƙe ka ba. Ni dai na gaji, wallahi na gaji. Kullum ina tsakaninka da Baba kamar igiya, kowa na ja."

"Daina kuka, Murja. Ƙafa biyu gare ni. In ya karya ɗaya, da ɗayar zan tsaya a ɗaura mana aure."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka.

Daga can ta jiyo muryar Madam Hosana tana faɗa. "Kai Malik, matarka yana kuka kana nan kana turanci? Kwashe kayan nan ka shiga mota, abokina! Ni zan tuƙa!"

Duk wanda ya san tuƙin Madam Hosana ya san ba a yi mata gardama, addu'a ake yi. Tsohuwar farar motar cibiyarsu ta fice daga Taminus tana hayaƙi, ta kutsa tsakanin keke da bas, ta wuce unguwar Daɗin Kowa ruwa na fallatsa hagu da dama. Abdulmalik ya rungume akwatin gwaji a ƙirji kamar jariri.

"Madam, a hankali, kwalabe!"

"Kwalba za ka aura? Riƙe da kyau!"

Ana idar da sallar azahar suka tsaya a ƙofar gidan. Alhaji Babayo na dawowa daga masallaci ya gan su. Ya tsaya cak. Hannunsa ya ƙara damƙe sanda.

Abdulmalik bai jira ba. Ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa gwiwa biyu cikin taɓon ƙofar gida, farin wandonsa ya nutse.

"Baba, barka da rana. Allah ya mayar da alheri, na ji rashin da aka yi."

"Me na faɗa maka?"

"Ka ce kada in dawo. Na saɓa, kuma duk hukuncin da ka yi min daidai ne. Amma sauran maruƙan suna da rai, Baba. Ka ba ni dama in nuna maka abin da ke kashe su. Bayan nan ga ƙafata."

Maƙwabta sun fara leƙowa. Alhaji ba ya son taro a ƙofarsa. Ya yi tsaki.

"Shigo. In ka zo da tsafi ne, a gaban idona za ka yi."

Aka baje kaya a barandar tsakar gida. Ƙaramin injin niƙa, kwalabe, mataci, da wasu fararen tsinkaye sirara a cikin leda. Murja na tsaye bayan Umma, ta ƙanƙame hannunta. Sau ɗaya idonta ya haɗu da na Malik, ta yi saurin sunkuyar da kai, amma zuciyarta sai tsalle take yi. Ya zo. Da gaske ya zo.

Madam Hosana ta ɗaga tsinke ɗaya. "Baba, ka ga wannan? Za mu niƙa hatsi, mu jiƙa, mu tace, mu tsoma shi a ciki. In layi biyu ya fito, lafiya lau. In layi ɗaya ne, guba yana ciki."

"Layi biyu lafiya?" Goggo ta gyara zama. "Mu a asibiti in layi biyu ya fito shirin suna ake yi."

Madam Hosana ta ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Mama, wannan ba na ciki ba ne, na masara ne!"

"Ba uwarki ba ce ni. Ku fara da wannan tsiyar." Ta tura musu shuɗiyar dawar da ƙafa.

Aka niƙa, aka girgiza, aka tace. Ruwan ya fito shuɗi-shuɗi. Abdulmalik ya tsoma tsinken. Kowa ya sunkuyo, har Alhaji da ya ce ba zai duba ba.

Jan layi ya fito. Can sai ga na biyu a ƙarƙashinsa, raɗau.

"Alhamdu lillahi!" Murja ta faɗa da ƙarfi kafin ta tuna inda take.

"Yo dama!" in ji Goggo. "Kayansa ne, tsinkensa ne. Ka taɓa ganin boka ya tona kansa? Yanzu zai tsoma a dusar Ashraf ya ce guba, tunda shi ya san abin da ya karanta wa tsinken."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Yaya ta yi gaskiya."

Abdulmalik ya ɗago.

"To Baba, kada ka bari in san wadda nake gwadawa. Murja ta ce akwai dusar da Umma ta surfa daga masarar gida. Ka ɗauki kwano biyu, ka shiga kai kaɗai, ka ɗebo ta gida a ɗaya, ta buhun a ɗaya. Ka marmashe su yadda ido ba zai bambance ba. Ni zan juya baya, Madam ce ma za ta niƙa. In tsinken ya yi ƙarya, na rantse ba zan ƙara ambaton sunan Murja ba."

"Malik!" Murja ta dafe ƙirji.

Wani abu ya gilma a idon Alhaji Babayo. Mutum ne da ya tsufa a kara, ya sayi shanu ya sayar da shanu, ya ga dillalan da ke shafa wa tsohon sa mai a ƙaho. Ba abin da yake so irin a ce masa gwada ka gani.

Ya ɗauki kwanonin sha biyu, mai fure da marar fure, ya yi bayan gida.

Jiran ya yi wa Murja tsawo kamar shekara. Yayyafi na sauka a kwanon rufi. Malik ya juya fuska ga bango, wandonsa na ɗigar taɓo. Goggo na jan carbi da ƙarfi kamar da shi take faɗa.

Alhaji ya dawo ya dire kwanonin. Ya marmashe su lukui, har ya tankaɗe.

"Ga kwano biyu. Faɗa min."

Madam Hosana ta yi aikinta, hannunta da sauri. Kwalba biyu, tsinke biyu. Malik ya juyo ya tsoma su tare.

Na kwano mai fure ya fara. Layi ɗaya. Aka jira. Bai ƙara ba.

Murja ta matse hannun Umma, murna na neman fasa mata ƙirji. An kama dusar Ashraf! Saura na gida ya nuna biyu, shi ke nan.

Ta mayar da ido kan ɗayan.

Layi ɗaya.

Ta ƙura masa ido. Fito mana. Don Allah fito. Ta matso har numfashinta na taɓa kwalbar. Wurin da layi na biyu zai fito fari fat.

Jikinta ya yi sanyi. Ita da kanta ta koya wa Umma shanya masara a kan tamfol maimakon ƙasa, ita ta sa aka ɗora buhunan gida a kan katako. In dusar gida ma guba ce, to duk abin da take faɗa shekara da shekaru ya zama iska. Abin da ya fi wannan muni, Goggo za ta samu abin da take nema tun ranar da aka kawo Umma gidan nan. Za ta ce dusar Binta ce ta kashe maraƙin gado.

Umma ta gane.

Madam Hosana ta matsa kusa da Malik ta yi ƙasa da murya, amma Murja ta ji. "Oga, akwai matsala fa. Ka nuna guda ɗaya kawai, Allah zai taimaka. In ka ce duka biyu, ka zagi gidan mutum a gabansa."

"Muna jinka," in ji Alhaji. "Wanne ne mai gubar?"

Abdulmalik ya kalli tsinkayen. Ya kalli Umma. Ya kalli Murja, hawaye na gangarowa a fuskarta, idonta na roƙonsa abin da ita kanta ba ta san mene ne ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin garin.

Ya sake durƙusawa.

"Baba, ka yafe min. Umma, ki yafe min. Duka biyun guba ne."

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta miƙe zumbur. "Ka ji ɗan banza! Abincin gidan ma bai bari ba! Ko kuwa Binta ce ta..."

"Na san abin da maganar nan za ta jawo min," Malik ya ci gaba. "Da zan iya nuna ɗaya in yi shiru. Amma in na ce ɗaya lafiya take, gobe ita za a zuba wa maruƙan, su ƙarasa mutuwa. Ba zan iya ba, Baba. Ko da Murja ce ladan."

Murja ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Shi ke nan. Ya faɗi gaskiya, ya rasa ta.



Sai aka ji wani sauti. Ƙasa-ƙasa ya fara, kamar tari. Murja ta buɗe ido.

Alhaji Babayo ne ke dariya. Dariya sosai, har ya jingina da sandarsa, har hularsa ta karkace.

"Babayo, lafiyarka?" in ji Goggo.

"Yaro," ya ce yana share ido, "ni na ce maka na ɗebo ta gida? Kai ka ce in ɗebo. Ni kwano biyu na ce maka ga su." Ya nuna kwanonin da sanda. "Duka daga buhun Ashraf suke. Buhu ɗaya ma. Ta Binta ko taɓa ta ban yi ba."

Madam Hosana ta ɗora hannu a ka. "Chai! Baba, kai ɗan kasuwa ne!"

"Tsinke ba ya dame ni ba, ban san shi ba, bai san ni ba. Mutumin nake gwadawa. Da ka nuna min kwano ɗaya, da yanzu kana waje da ƙafa a hannu."

Murja ba ta san lokacin da ta daka tsalle ta rungume Umma ba, tana kuka tana dariya. "Umma kin ji? Umma kin ji?" Umma na cewa, "Sake ni, ja'ira, za ki kayar da ni," ita ma hawaye take yi.

"A kawo ta gidan a gwada, hankalin Binta ya kwanta," in ji Alhaji.

Murja da kanta ta ruga ta ɗebo. Ita ta niƙa, ita ta tace, ta tsoma tsinken. Layi ɗaya. Layi biyu! Madam Hosana ta rangaɗa wata irin guɗa da ba a taɓa jin irinta a unguwar ba.

"Maruƙan fa?" Fuskar Alhaji ta koma ta makiyayi. "Za su tashi?"

"In an janye dusar yau, aka kira likitan dabbobi, da yawansu za su tashi in Allah ya so. Sai dai Baba, akwai saura. Gubar tana bi ta nono. Shanun da suka ci dusar nan, a dakata da shan nononsu tukuna, musamman yara."

Goggo Fadimatu, wadda ta shanye ƙwarya guda ta fura da nono kafin ta tafi gona, ta dafe ciki ta koma ta zauna a hankali.

"Kai yaro," ta ce da wata ƙaramar murya, "tsinken nan naka, ana tsoma shi a mutum?"

Ana cikin dariyar nan aka ji ƙahon mota a waje. Ba ɗaya ba. Ƙofofi suka buɗe suka rufe, ƙamshin turare ya riga masu shi shigowa. Wata murya ta yi sallama daga zaure, muryar Alhaji Isa. Ko la'asar ba su jira ba.

Dariyar ta ɗauke. Murja ta kalli mahaifinta. Abotar shekara da shekaru ce ke zaune a zauren nan da ƙwaryar goro. Gwaji daban, kunyar aboki daban.

Alhaji ya gyara hularsa. Ya daɗe yana kallon Abdulmalik da ke durƙushe.

"Wane ne babba a gidanku?"

"Ƙanin mahaifina, Baba. Yana Bauci."

"Bauci ba nisa. Ka ce masa ina nemansa kafin masarar nan ta bushe. Kuma ranar girbi da kai za a karya ta, ka tsoma tsinkenka a gabana in ga aikin da shuɗiyar dawarku ta yi."

Malik ya sunkuya. Sai godiya yake da kai.

Alhaji ya juya ga 'yarsa.

"Dada."

"Na'am, Baba."

"Ba wa baƙonki kujera. Gwiwarsa ta sha taɓo."

Goggo na gefe tana tattara ragowar shuɗayen ƙwayoyin daga tabarma tana mayarwa bakin mayafi. Umma ta ce, "Yaya, ina za ki kai kayan boka?"

"Gyaɗata ta kusa fure," in ji Goggo, ta ƙulle tam. "Ke ina ruwanki?"

Sallama ta biyu ta zo daga zaure, wannan karon da muryar Ashraf a ciki, cike da fara'a.

Alhaji Babayo ya jingine sandarsa a bango. Ya sunkuya ya ɗauki kwano mai fure, ya ɗora dunƙulen korar dusar da Murja ta kawo da safe a kai, ya nufi zaure. Murja ta bi bayansa da sanɗa ta laɓe jikin labule, zuciyarta na dukan tara-tara.

Ta ga Alhaji Isa ya miƙo ƙwaryar goro da hannu biyu yana murmushi. Ta ga mahaifinta bai karɓa ba.

"Alhaji Isa, sannunku da zuwa," ya ce, ya dire kwanon a tsakiyar tabarma, daidai gaban Ashraf. "Ajiye goron nan tukuna. Kafin ku tambaye ni 'yata, ni ma ina da tambaya. Ɗana, sa hannu ka ɗebi wannan ka sansana, ka faɗa wa mahaifinka abin da ka aiko wa shanuna."